Dattijo da Dodo Mai Fiffike

Mai shagon littattafai tana kallonsa ta wutsiyar ido. Dattijo ne, tabarau a ƙarshen hanci, fuska a murtuke, irin wanda in ya yi gyaran murya ofis ke yin tsit. Wataƙila tun da ya zama babba babu wanda ya sake ba shi labari, sai rahoto.

Ga shi yanzu ya raɓe a bayan kanta, riƙe da littafin wata yarinya mai hawan dodo mai fiffike. Leɓɓansa na motsi. Dodon na faɗawa rami, sai ya dafe ƙirji.

"Baba, a naɗe maka ne?" ta tambaya.

Ya zabura ya rufe littafin, amma yatsansa na ciki.

"Shirme ne zalla, da irinsa ake lalata yara. Jikana zan saya wa. Dodon nan yana fitowa kuwa?"

"Sai a littafi na biyu. Jikan ajinsa nawa?"

Dattijon ya gyara tabarau, ya kalli rufi.

"Ba a haife shi ba tukuna. Haɗo min har na uku."