Layuka Goma Sha Biyu na Ba Chishimba

Ba Chishimba ya shekara talatin da ɗaya yana rubuta wa injinan ban ruwa umarni, kuma ni na kawo ƙarshen aikinsa cikin daƙiƙa biyar. Har yau ba na iya bi ta layin gidansu a Kitwe, garin da ake sa wa babba "Ba" a gaban suna don girmamawa.

Da gyaran wayar lantarki ya fara a ramin haƙar tagulla. A can ya tsinci wani littafi marar bango, ya koya wa kansa asembli, yaren da ake gaya wa ƙwaƙwalwar inji abin da za ta yi, taki ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da na zo shagonmu, shi kaɗai ke riƙe da umarnin famfunan gonaki arba'in. Kwamfutarsa ta girme ni. Baƙin allo ne da farin rubutu, babu wani ado. In ya gama sai ya buga a takarda, ya yi bayani da fensir a gefe, ya saka a jakar fata. Bai taɓa sa bayani a cikin kwamfuta ba, don ya saba tun zamanin da wurin ajiya a cikin inji ke da tsada. Da rana yakan buɗe kwanon nshima da kapenta, wato tuwon masara da ƙananan busassun kifi, ya tura mini rabi.

"Ci, mwaice, ci yaro. Yunwa ce ke sa mutum rubuta shirme."

Mai shagon, Ba Kasonde, Windows take amfani da ita, ni Linux, sabon ma'aikacinmu kuma Mac. Duk fayil ɗin da ya bi ta hannu uku sai ya fito a hargitse. Ta ce in nemo manhajar rubutu guda da za ta hau kan duka. Mako biyu ina nema. Wata ba ta san asembli ba, wata ta yi wa tsohuwar kwamfuta nauyi. Da na samu wadda ta dace, mai launuka da komai, kaina ya kumbura.

Ranar da zan nuna ta, na buɗe aikin dattijon a gaban kowa. Shi yana baya yana haɗa waya. Na ga layuka goma sha biyu iri ɗaya, kowanne yana cewa inji kada ya yi komai.

"Ba Chishimba, barci ne ya sace ku yatsa na kan madanni?" na ce. Aka yi dariya.

"Nakan yi gyangyaɗi, amma ba a nan ba," ya ce, bai ko ɗago ba.

Da ya fita, na nuna musu yadda manhajar ke share layuka da yawa a danna ɗaya. Na share su, na adana. Dariyar da aka yi ta ɗauke mini hankali, ban mayar da su ba. Da wannan fayil ɗin aka loda allunan sarrafa famfo guda uku.

Bayan kwana tara famfo biyu suka ƙone a gonar tumatir ta wani babban mai hulɗa da mu. Sun yi ta juyawa babu ruwa a rijiya. Ba Kasonde ta tara mu, ranta a ɓace.

"Aikin wa ke cikin allunan nan?"

"Nawa ne," in ji Ba Chishimba.

Ta ce shekaru sun zo, ido ya gaji, ba abin kunya ba ne mutum ya huta. Ina tsaye a gefensa. Na san abin da na yi, ko da yake ban san dalilin layukan ba. Na zuba wa takalmina ido har aka tashi. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Ranar Juma'ar da zai tafi, ya kira ni ya ajiye jakar fatar a kan teburina. Ya zaro takarda ɗaya. Ga layukan nan goma sha biyu, a gefensu da fensir ya rubuta: a jira ma'aunin ruwa ya amsa, in an tambaye shi da wuri ƙarya zai yi.

"Ka mayar da su kafin a kai allo na uku," ya ce.

"Ba Chishimba, ni ne na..."

"Na sani tun ranar. Na duba fayil ɗin kafin a kira mu." Ya rufe kwanonsa. "Matarka na da ciki, ni ko 'ya'yana sun girma. Manhajar taka tana da kyau, kada ka bar ta."

Na mayar da layukan da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Sai da na yi wata huɗu kafin na iya faɗa wa Ba Kasonde gaskiya. Ta aika a kira shi, aka tarar ya koma ƙauyensu a Mpika, ya ce a gaishe mu.

Manhajar tana nan a kan kwamfutocin uku, ba ta taɓa ba mu matsala ba. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin yakan tambayi amfanin layukan, sai in ba shi labarin tun daga farko, har da sunana.