Jijiyar Zare a Cinyar Matiyu Tela

Matiyu ya sauko Mubi daga duwatsun Muchalla a shekarar ƙuri'ar farko, lokacin da ake tambayar mutanen yankin ko za su bi Nijeriya ko a dakata tukuna. Shi bai san kan wannan zance ba, keken ɗinki ne ya kawo shi gari. Kawunsa ya damƙa shi a hannun Baba Abakar, wani Babarbare mai rumfar yadi a bakin kasuwa, ya ce ga ɗa nan, hannunsa na da kyau kuma ba shi da surutu.

Baba Abakar bai bar shi ya hau keke ba sai da ya san tufa. Yakan miƙa masa ƙyalle ya ce ya murza, ya ja, ya zare zare ɗaya ya ƙona ya shinshina. Ya nuna masa bandir ɗin da damina ta taɓa, yadda ya yi baƙi-baƙi yana yagewa kamar ganye, ya ce komai tsadar tufa danshi ne ajalinta. Da akawuna suka fara kawo wani yadin zamani daga Kano a ɗinka musu wando, tsohon yakan ɗaga shi da yatsa biyu ya ce wannan roba ce, ba tufa ba. Matiyu ya haddace duk wannan. Kafin ya auri Miriyamu har ya yi suna, mutane na cewa in Matiyu ya ce yadi zai daɗe, to zai daɗe.

Kusa da rumfar akwai mai gyaran kekuna, Kalibu, mutumin Mayo Bani. Coci ɗaya suke zuwa, kwano ɗaya suke ci da rana. Kalibu mai dariya ne da ƙarfi, mai saurin yanke shawara, amma duk abin da ya shige masa duhu sai ya leƙo rumfa ya ji ta bakin Matiyu. Da yaƙin basasa ya ɓarke ana ɗaukar soja, Kalibu ne ya fara ɗokin tafiya, Matiyu ya bi shi don ba ya son a ce ya tsaya baya. Miriyamu na goyon 'yarsu Salomi a lokacin. Ba ta hana shi ba, amma ba ta raka shi tasha ba.

A shekara ta biyu da tafiyarsu, wani bam ya faɗo kusa da ramin da suke ciki. Ɓarɓashin ƙarfe ya shiga cinyar Matiyu, ya shiga bayan gwiwar Kalibu. Raunukan sun warke, sai dai kowannensu ya fito da wani kumburi a wurin, wanda in ka ɗora hannu za ka ji yana bugawa kamar zuciya. Aka ce ƙarfen ya taɓa babbar jijiyar jini, bangonta ya yi rauni, kuma wata rana za ta iya fashewa. Aka tattara masu irin wannan ciwo aka kai su wani babban asibiti a Legas.

Suna nan kwance sai ga wasu likitoci daga ƙasar waje, waɗanda ba za su daɗe ba. Sun zo da wata sabuwar dabara: a yanke inda jijiyar ta lalace, a ɗinka wani bututu da aka saƙa da zare a madadinsa, jini ya ci gaba da bi ta ciki. Kalibu aka fara kira. Wani nas mai jin Hausa ya yi masa bayani, ya ce sai ya yarda za a yi. Kalibu ya ce a ba shi zuwa la'asar, ya dogara sanda ya zo gadon abokinsa.

"Ɗan'uwa, kai ka san tufa," in ji shi. "Wai ƙyalle za su sa mini a cikin ƙafa. Zai zauna?"

Matiyu ya yi tunani iyakar saninsa, sannan ya ce, "Ban taɓa ganin tufar da ta zauna cikin danshi ba ta ruɓe ba. In ni ne, ba zan yarda ba."

Kalibu ya koma ya ce bai yarda ba. Asibitin a cike yake, ana bukatar gado, don haka aka sa shi cikin waɗanda aka mayar Kaduna a ci gaba da duba su a can.

Bayan 'yan kwanaki aka kira Matiyu. Ya tafi da niyyar ƙi. Da nas ɗin ya faɗa wa ɗaya daga cikin likitocin cewa wannan tela ne, sai likitan ya yi murmushi, ya ɗauko guntun bututun da ya rage daga wata tiyata ya sa masa a tafin hannu. Fari ne, mai gaɓa-gaɓa kamar maƙogwaron akuya, yana lanƙwasa ba ya toshewa. Matiyu ya murza, ya ja, ya zare zare ɗaya ya roƙi ashana. Zaren bai yi toka ba, narkewa ya yi ya dunƙule. Nan take ya gane shi. Ɗan'uwan yadin nan ne da Baba Abakar ke kira roba, wanda shi da kansa ya sha ɗinkawa, ya kuma ga yadda yake shan wanki shekara da shekaru bai nuna ba. Ya san wannan zare tun a Mubi, bai dai kawo shi a ransa ba ranar da aka tambaye shi.

Ya ce ya yarda. Ya kuma roƙi nas ɗin a aika Kaduna a dawo da abokinsa, ya ce shi ne ya ba shi shawara marar kyau. Nas ɗin ya ce zai yi ƙoƙari. Ko ya aika ko bai aika ba, Matiyu bai taɓa sani ba, domin bayan tiyatar zazzaɓi ya riƙe shi kwanaki, kuma da ya dawo hayyacinsa baƙin likitocin sun riga sun koma ƙasarsu. Ƙafarsa ta yi ɗumi har yatsu. A Kaduna kuwa kumburin Kalibu ya toshe hanyar jini, ƙafar ta yi sanyi ta fara baƙi, aka yanke ta daga saman gwiwa.

Bayan an gama yaƙi Matiyu ya dawo Mubi a kan ƙafafunsa biyu. Baba Abakar ya tsufa, ya bar masa keke ɗaya da gefen rumfa. Mutane suka riƙa zuwa kallon mutumin da aka yi wa faci a jijiya, wasu har su roƙa ya naɗe wando su ga tabon. Da farko yakan nuna, daga baya ya daina. Kalibu ya riga shi dawowa, ya koma gidan ubansa a Mayo Bani. Labarin abin da ya faru a Legas kuwa ya karaɗe coci, kowa da irin yadda yake faɗarsa. Akwai masu cewa bututun ɗaya ne ya rage, Matiyu ya tsorata abokinsa don ya samu. Hajaratu, matar Kalibu, in ta zo kasuwa sai ta bi ta layin masu gishiri don kada ta wuce gaban rumfarsa.

Miriyamu ta sha ce masa ya je ya gai da mutumin. Yakan ce sai ya rage aikin Kirsimeti, ko sai ruwa ya ɗauke. Gaskiyar ita ce bai san yadda zai shiga gidan yana taka ƙafa biyu ba. Ya sauya coci ya koma wata ƙarama a Nassarawo. Duk ƙarshen shekara yakan ɗinka wa 'ya'yan Kalibu riguna ya ba Miriyamu ta aika, ya ce kada a ambaci sunansa, kamar akwai wanda bai san ɗinkinsa ba.

Kalibu ne ya zo da kansa, wata ranar kasuwa, a bayan motar hatsi. Matiyu ya ɗago kai ya gan shi tsaye a bakin rumfa da sanduna biyu a hamata, ya rame amma dariyar na nan. Ya zauna a benci, ya fito da wanduna biyu daga jaka, ya ce Hajaratu na naɗe ƙafar wandon da fil, fil ɗin na sokinsa, yana so a yanke a ɗinke bakin yadda ya kamata. Matiyu ya durƙusa ya auna dungulmin. Kalibu na ta hira, yana ba shi labarin gyaran kekunan da yake yi a zaune a ƙofar gida, da gyaɗar da ya shuka a bakin mayo, wato rafin garinsu. Da ya ga abokin nasa ba ya ɗago ido, sai ya bar hirar.

"Matiyu," in ji shi, "ni na tambaye ka, ka faɗa mini abin da ka sani. Masu cewa ka cuce ni ba su kwana a ɗakin nan tare da mu ba."

"Na san zaren, Kalibu. Na sha ɗinka shi a nan rumfar. Da na ce maka mu je mu gani da ido kafin ka amsa."

"To, ba ka ce ba. Ƙafa ta tafi. Kai kuma sai ka bi ta? Ka zo gida mu ci tuwo."

Matiyu ya yi alkawari zai zo bayan girbi. Ya ɗinka wandunan da kyau, ya sa musu shafi mai laushi a ciki don kada su goge fata, ya aika. Girbi ya zo ya wuce. Sau ɗaya ya hau keke ya kama hanyar Mayo Bani, ya kai har inda ake hango rufin gidajen, ya tsaya a gindin wata tsamiya, sannan ya juya. Ya gaya wa Miriyamu wai taya ce ta yi faci.

A daminar shekarar 1974 Kalibu ya tafi duba gyaɗarsa a ƙetaren mayo. Ruwan bai kai ƙugu ba, mata ma na tsallakawa da kaya a ka, amma sandarsa ɗaya ta nutse cikin yashi, ya faɗi, ruwan ya ja shi. Sai washegari aka same shi.

Matiyu ya je jana'iza. Bayan an watse ya tsaya a tsakar gida bai san inda zai sa kansa ba. Hajaratu ta fito daga ɗaki ta dube shi, ta sa aka shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa da hannunta. Ya fara neman kalmar da zai faɗa game da Legas, ta katse shi.

"Tela, maganar ƙafa ni ce na riƙe ta, shi bai riƙe ba. Amma duk ranar Lahadi in mun dawo coci sai ya ce in ƙara gari a tukunya, wai ko za ka zo."

Matiyu ya sha ruwan, ya zauna har rana ta yi sanyi, ya yi sallama ya koma gari.

Ya ci gaba da ɗinki a rumfar har bayan rasuwar Baba Abakar. Jijiyar zaren ba ta taɓa ba shi matsala ba, yakan taka keke tun safe har yamma ba ya jin komai sai ɗan tsami a tabon in an yi sanyi. Daga shekarar da Kalibu ya rasu ya fara zuwa Mayo Bani duk bayan mako biyu, ya taya 'yan gidan noma, ya gyara abin da ya lalace. Hajaratu takan gaishe shi da mutunci ta kawo masa abinci. Yakan ci shi kaɗai a zaure, ya wanke hannu, ya hau kekensa ya kama hanyar Mubi kafin ruwan mayo ya ƙaru.