Ranar da Ƙwallo Ta Faɗo wa Yaya Orval a Ka

Ke Wilma, kin taɓa ganin mutumin da aka roƙa ya yi kuskure, ya kasa? To, yayana Orval ke nan. Matso kusa, muryata ba ta kai nisa yanzu.

Shekara tara yana buga wa garinmu ƙwallon sanda a Nebraska. Can ƙarshen fili yake tsayawa, yana cafe duk wadda aka dako sama, kuma ba a taɓa ganin ta taɓa safar hannunsa ta faɗi ba. Baba kuwa in ya shiga shagon aski, ba shi da hira sai ta hannun Orval. Da gwiwarsa ta lalace, sai ya hau jirgin ƙasa ya nufi Hollywood, wai ana neman 'yan wasa na gaske a finafinan ban dariya. Lokacin fim ba ya magana, sai dai Madam Pruitt ta coci ta zauna a gefe tana kaɗa piyano.

Aikin da suka ba shi ɗaya ne tak: a jefo ƙwallo sama, ya yi ta zagaye kamar an yanka kaza, ta faɗo masa a ka. A wasiƙa ya ba ni labari. Aka jefo, caraf ya cafe. Darakta ya ce, "Kai baƙauye, sakinta aka ce ka yi!" Ya ce, "To, yallaɓai." Aka sake jefowa, ya kuma cafewa. Sau goma sha ɗaya fa! Ya ce, "Yallaɓai, ba ni ba ne, hannun ne ba ya jin magana." Mutumin ya yar da hularsa ya tattake, ya ce, "Saura ɗaya, ko ka koma noman masara!" Ta sha biyun ta same shi a tsakar ka, tim.

Da fim ɗin ya zo garinmu, Orval ma ya biyo shi. Ranar Asabar da rana silima ta cika maƙil, har da masu tsayuwa, ko'ina ƙanshin gugguru. Ai kuwa da ƙwallon nan ta sauka, ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Ni kaina na yi dariya har da hawaye. Ina juyowa na ga Baba ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari 'yan shagon aski suka laƙaba wa Orval suna Rariya. "Rariya, riƙe mini jaridar nan... a'a, bari, kar ta faɗi!" Yana taya su dariya, amma fuskar Baba yake nema. Baba magana ɗaya ya yi masa a kan abinci: "Shekara tara ka zubar a gaban gari." Daga nan bai ƙara ko kallonsa ba.

Da Orval zai koma, ni kaɗai na raka shi tasha. Can Hollywood ya ƙarasa rayuwarsa yana kafinta a wurin masu fim, ban sake sa shi a ido ba. Jirgi ya fara motsi, ya leƙo ta taga, ya kamo hannuna ya ce:

"Auta, ki gaya wa Baba rufe idona na yi. Da idona biyu, da ba ta isa ta wuce ni ba."