Salka da Odar Tsohuwar Katkat

Karatuna bai wuce aji huɗu na lekol a Damagaram ba. Malamin ya ce kaina ya cika, ni kuma yaro mai ladabi ne, ban yi masa musu ba. Sauran ilimin a ƙarƙashin mota na samo shi, kwance rigingine, ƙasa na zubo mini a ido. Na fi shekara talatin ina gyaran wayar mota a Arlit, tun zamanin da Anasaran ma'adinai ke sayar da tsofaffin katkat ɗinsu in za su koma gida. Motocin nan ba kwamfuta a cikinsu. Batir ne, da waya, da fitila, da oda. In mutum ya iya sauraro, su da kansu ke gaya masa inda ke musu ciwo. Haka nake faɗa wa mutane ina gyara zaman hula. Sau ɗaya wata mota ta ƙaryata ni, kuma labarinta ne wannan.

Mai ita abokina ne, Ba'abzine ɗan Gugaram, wanda ya tuƙa kamyon, wato babbar motar kaya, a kamfanin ma'adinai har gemunsa ya yi fari. Da ya ajiye aiki ba abin da ya rage masa sai katkat ɗin. Duk mako yana loda gero da sukari da ganyen shayi ya kai wa danginsa a daji, ya dawo da cuku, ya ajiye mini biyu don in rage surutu. Ban rage ba, amma ina karɓa.

Wata rana ya shigo garaji fuska a ɗaure, ya ce, "Badamagare, motana yana kuka shi kaɗai."

Na ce, "Mota ba ta kuka sai an mintsine ta."

Ya ce wallahi hannunsa bai kusanci oda ba. Da ya bar gari ya hau gargada sai ta fara tsala ihu, ta yi shiru, ta sake. A bakin rijiya ta watsa raƙuman mutane, wani amale bai dawo ba sai washegari.

Na buɗe sitiyari na duba abin dannawa, lafiya lau. Na bi waya da ƴar fitilata ta gwaji, na jijjiga, na bubbuga, na hau bamba na yi tsalle kamar wanda aka yi wa albishir. Shiru. Sau uku yana kawo ta, sau uku ina sallamarta. A na ukun ne bakina ya yi ɓarna. Babban ɗansa ya rako shi, mai aikin lantarki a kamfani, mai takardar shaida, yaro mai kunya. Ya ja ni gefe ya ce, "Baba, tsakani da Allah, motar ce?"

Na bugi ƙirji na ce, "Motar nan ta fi ni lafiya."

Ni sunana nake karewa. Ban lura da abin da na ɗora wa abokina ba. In motar lafiya, to direban ne ke danna oda bai sani ba. Dama a daji an fara raɗa cewa tsoho ya fara rikicewa. Kwana biyu sai ga shi a ƙafa, rawani ya rufe har karan hanci, ya zauna a kan tsohuwar taya bai ko tambayi shayi ba. Ya ce ƴaƴansa sun yanke shawara: tafiya ɗaya ta rage masa, daga ita za a karɓi makulli, motar kuma a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ya dube ni ya ce, "Kai ma ka ce na haukace?"

Na ce, "Haukarka ta dā na sani, ba sabuwa. Gobe da ni za a je."

Da hantsi muka tashi. A bakin gari ya tsaya wajen famfo, ya zaro salkarsa daga bayan kujera ya cika ta taf. Duk wanda ya yi tuƙi a ƙasar nan ya san ba a sa salka cikin mota. A waje ake rataye ta, iska na bugunta, ruwan ya yi sanyi kamar na randa. Ya rataye ta a ƙarfen madubi, gefensa, ni kuwa ina can ina neman inda zan sa ƙafafuna tsakanin buhunan gero.

Muna hawa gargada sai ga ihu. Na kusa haɗiye gorona.

Ya saki sitiyari ya ɗaga hannu biyu sama yana cewa, "Ka gani? Ka gani?"

Na ce, "Na gani! Riƙe, don Allah, kafin mu je lahira da oda!"

Ya tsaya, ta yi shiru. Na fita na zagaya motar ina shafa gemu, irin na likita a gaban dangin majinyaci. Sai idona ya sauka kan salka. Ba igiyar fata ke riƙe da ita ba kamar yadda na saba gani, wata ƙugiya ce ta ƙarfe. Na tambaye shi. Ya ce igiyar ta tsinke wata uku da suka wuce, ya lanƙwasa ƙarfe ya huta. Wata uku kuma ita ce shekarun ciwon.

Na ɗaga salkar. Ƙarƙashin ƙugiyar ga wata jar waya, naɗe da robar taya, robar ta cinye, tagulla na ƙyalli. Wayar oda in ta taɓa jikin mota, daidai yake da an danna. Salka in ta cika sai nauyinta ya danne ƙugiya, gargada ta yi ta lilo da ita, ƙarfe ya haɗa waya da jiki. A dawowa kuwa an shanye ruwan, ya naɗe ta ya jefa bayan kujera, sai a kawo mini mota salihar baiwa, ba ta ko tari.

Amma me ya kai wayar oda waje, gindin madubi? Ba a ƙera mota haka ba. Na gane ƙullin robar tun kafin in taɓa, ƙullin bahago ne, kuma a Arlit bahago ɗaya ne ke gyaran waya, wato ni. Shekaru da yawa baya, cikin azumin bazara, wayar asali ta ƙone. Maimakon in kwance gaban motar gaba ɗaya, na bi da sabuwa ta waje, na ce na wucin gadi ne, bayan salla zan gyara. Ban dai ce wace salla ba.

Na ce, "Aboki, mai da salkar ɗaya gefen."

Ya ce, "Can rana yake bugu. Salkana ba ya tashi. Wayarka ya tashi."

Na naɗe wurin da ƙyalle muka ƙarasa lafiya, har raƙuma suka ƙi kulawa da mu. Da muka dawo ban gyara ba tukuna. Na aika a kira ɗan. Na cika salka, na cire ƙyallen, na rataye ta. Na sa tsohon ya je can gindin bango ya tsaya, hannu biyu a baya kamar ɗan lekol mai laifi. Sannan na ce wa mai takardar shaida ya jijjiga motar da kansa. Ya sa kafaɗa. Ta kurma ihu, har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya.

Ya sake jijjigawa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon wayar. Bai kalli ubansa ba, kunya ta hana shi. Can ya ce, "Baba, wane jahili ne ya bi da waya ta nan?"

Na yi gyaran murya na ce, "Aikin mutanen dā ne, ɗana. Wasu ba su da tsoron Allah."

Daga gindin bango tsohon ya ce, "Na san shi. Duk mako yana cin cukuna biyu."

Yaron ya so ya yi dariya, ya tuna gaban manya yake, sai ta koma masa tari. Ya ciro makullin daga jikin motar, ya taka har gindin bango, ya durƙusa ya miƙa wa ubansa da hannu biyu. Tsohon ya karɓa ya cusa cikin rawani.

Wuni guda na yi ina kwance gaban motar, na mai da wayar hanyarta ta asali, gumi har cikin kunne. Shi kuwa yana zaune kan taya yana dafa shayi da ruwan salka. Kofin farko ya miƙa wa ɗansa, na biyu ya sha, ni sai na uku, wanda ba komi cikinsa sai sukari. Makon nan cuku ɗaya na samu. Na ce ina ɗayan? Ya ce bayan salla.