Kujerar Shiru ta Gwaggo

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, sha biyu ga watan jiya, ƙanenki ya kira ofis ya ce Allah ya yi miki rasuwa bayan 'yar gajeriyar jinya. Ni na ɗauki wayar. Na juya in faɗa wa mutane, sai idona ya sauka a kan kujerar robar nan ta gefen teburinki.

Ba ki haɗa jini da kowa a ofis ba, amma har manaja Gwaggo yake ce miki. Aikinmu manhaja ce mai riƙe da jerin shafukan intanet da aka toshe saboda damfara. Masu tambayarta ba mutane ba ne, manhajoji ne masu ƙirƙirarriyar basira da ake tura su sayayya ko bincike, waɗanda kika raɗa wa suna 'yan aike. Kafin ɗan aike ya shiga shafi, sai ya tambayi tamu ko shafin yana cikin jerin. Mu muke rubuta takardar bayanin da ke koya masa yadda zai yi tambayar da yadda zai fahimci amsar. Ke kuma kike auna ko abin da muka rubuta ya isa.

Awonki ba irin na kowa ba ne. Duk wanda ya kawo rubutu, sai ki zaunar da shi a kujerar nan, ki sa shi ya harɗe hannu. Ki miƙa wa ɗan aike takardar, ku zuba ido ku ga abin da zai yi da ita. Mai rubutu ba ya da izinin cewa uffan. Ranar farko da na zauna, ɗan aiken ya kama hanyar da ba ita ba, na yi wuf zan yi bayani.

"Rufe bakinka, ɗana," kika ce. "Gobe in yana can shi kaɗai, aljihunsa za ka shiga ka raɗa masa?"

Mun sha yi miki tsiya a bayan ido, muna cewa kin fi alƙali tsanani. Amma duk wanda kika kayar, ke za ki haɗa masa shayi, ki jawo kujera ku gyara layi bayan layi har a tashi aiki. Da matata ta haihu, ke kika ƙarasa shafukan da ke kaina, kika bar sunana a kai.

Sabuwar takardarmu ce kika ƙi sa wa hannu kafin ki kwanta ciwo. Dalilinki wata tela ce. 'Yan damfara sun taɓa kutsawa shafin shagonta, aka sa shi cikin jerin. Ta gyara tun tuni, amma 'yan aike suna ta juya mata masu ciniki. Takardarmu ba ta gaya wa ɗan aike ya duba yaushe aka toshe shafi ba, ba ta kuma nuna inda wanda aka zalunta zai kai kuka. Kika ce sai an rubuta wannan sashe, ko da za a makara.

Ga abin da ya hana ni sakat, Gwaggo. Ba a ko ɗauke kofinki daga tebur ba, muka zauna taro. Manaja ya yi miki addu'a, muka shafa. Sai ya ce tunda abin ya zo da haka, a saki takardar yadda take, ni in sa hannu a madadinki. Ba wanda ya ce a'a. Ni ma ban ce ba. Har wani sauƙi na ji a raina, kuma kunyar wannan sauƙin ce take cina har yau.

Da yammacin ranar muka je gaisuwa. Maigidanki ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ne ɗan nata? Ta ce in ba ta tashi ba, kai za ka ƙarasa maganar telar nan." Na sunkuyar da kai, na rasa inda zan sa fuskata.

Washegari na jawo kujerar, na ba ɗan aike takardar da adireshin shagon telar, na harɗe hannu. Bai ɓata lokaci ba: ya ce shafin na 'yan damfara ne, kada a je. Ba wanda ya hana ni magana a wannan karon, amma ba ni da ta cewa. Na mayar wa manaja takardar ba tare da na sa hannu ba. Sashen yana kan teburina, ina rubuta shi, kuma telar tana jira har yanzu.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki da ƙannenki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma da muka yi shiru a wurin da ya kamata mu yi magana, Allah ya yafe mana. Amin.