Jan Fasfon Amamata

Amamata Saani ba ta taɓa ɗaukar kanta Baturiya ba, sai ranar da Malam Nata'ala ya tsaya a bakin rumfarta yana cewa Turawa sun yi yawa a London.

A Zangon Kumasi aka haife ta. Tana da shekara ashirin da huɗu ta bi mijinta Amsterdam, inda ta yi shekara goma sha shida tana goge ofisoshi. Da lokacin zama 'yar ƙasa ya yi, aka ce sai ta ajiye fasfon Ghana kafin a ba ta na Holan. Ta ajiye tana hawaye. Bayan rasuwar mijin, a 2013, ta ɗauko 'ya'yanta biyu ta taho London don su yi karatu da Ingilishi. A lokacin mai fasfo irin nata ba ya buƙatar biza. Ta kama flat a Peckham, ta fara dafa shinkafa da wake a gida tana kai wa masu kitso, har ta samu rumfa a wani lungu na Rye Lane.

Malam Nata'ala ɗan Kano ne, mai harhaɗa magunguna a babban asibitin Camberwell, kuma duk Asabar a wurinta yake cin abincin rana. Wata Asabar a Mayun 2016, saura wata guda a yi ƙuri'ar ko Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai ko ta zauna, ya zo da zafinsa.

"Hajiya, ni fita zan zaɓa," in ji shi. "Shekara goma ina bin layi a Croydon ana sabunta mini takarda. Mahaifiyata ba ta taɓa ganin ɗakin da nake kwana ba, saboda biza. Amma mutum ya taso daga Turai da jakarsa, ko tambayarsa ba a yi. A fita, kowa ya bi layi ɗaya."

Amamata ta ajiye ludayi, ta buɗe jakarta, ta ɗora jan fasfo kusa da farantinsa.

"Malam, ga Baturen da za ka kora."

Ya ɗauka ya buɗe, ya ga hotonta da ɗankwali. Sai ya ce ai ba irinta yake nufi ba.

"Takarda bai san wa kake nufi ba," ta ce da Hausarta ta Zango. "Kai kana da ƙuri'a. Ɗalibin da ya zo daga Nijeriya bara yana da ƙuri'a. Ni da abin zai faɗa a kaina ba ni da shi."

Tunda ba ta da ƙuri'a, sai ta nemi ta mutane. Azumi ya kama, ga rana mai tsawo, sai bayan ƙarfe tara ake shan ruwa. Duk da haka idan ta rufe rumfa takan hau bas ta bi gidajen 'yan Ghana da 'yan Nijeriya da ta sani, ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta nuna fasfon, ta ce su tuna da ita ranar zaɓe. Wasu suka yi alkawari. Wasu suka ce Malam Nata'ala ya fi ta gaskiya, suka rako ta bakin ƙofa da ladabi.

Safiyar Juma'a aka faɗi sakamako: masu son fita sun yi rinjaye. Kafin azahar ƙaninta ya kira daga Amsterdam yana cewa ta tattara ta dawo.

"Na yi ƙaura biyu," ta ce masa. "Ba zan yi na uku ba. Yara suna makaranta, tukunyata tana kan wuta."

Shekara kusan uku aka yi ana ja-in-ja a majalisa, ba wanda ya san makomar irin su Amamata. Iyalai biyu da ta sani suka koma Holan. Ita kuwa ta sayi akwatin roba, ta shiga tara duk takardar da ke ɗauke da sunanta da adireshinta: wasiƙun council, wato ƙaramar hukuma, na makarantar yara, na likita, har na kamfanin ruwa. Da aka buɗe tsarin neman izinin zama a 2019, aka ce sai mutum ya nuna ya yi shekara biyar a ƙasar. Shekarunta biyu na farko a gida take girki, babu wata shaidar aiki. Akwatin robar ne ya cike gurbin.

Saura abu ɗaya. Ta waya ake nema, kuma wayarta ba ta iya karanta fasfo. Tana cikin fama da ita a rumfa Malam Nata'ala ya iso. Tun bayan zaɓe gaisuwa kawai ke haɗa su. Ya tsaya yana kallo, sannan ya miƙo tasa.

"Gwada wannan, Hajiya."

"Ka canja ra'ayi ke nan?"

"Ban canja ba. Har gobe ina ganin fitar ce daidai. Amma ban zaɓa don a tashe ki ba."

"To ni ma har gobe ina ganin ka yi kuskure. Kawo."

Bayan sati uku amsa ta zo, an ba ta izinin zama na dindindin, ita da yaran. Labari ya bazu a Rye Lane cewa Amamata ta iya abin. Daga nan duk Asabar da la'asar takan goge teburi, ta jawo kujeru, mutane su zo da fasfo na Holan, na Jamus, na Italiya. Malam Nata'ala ya ba da wayarsa, ya zauna gefe yana cin abincinsa. Wani lokaci gardama ta tashi tsakaninsu, har masu jira su shiga, rabi nan rabi can.

Wadda ta fi ba ta wahala ita ce Hajiya Awabu, tsohuwa mai shekara saba'in da uku, 'yar Zangon Tamale da ta zauna a Hamburg har ta samu fasfon Jamus. Saura kwana goma a rufe nema a Yunin 2021 Amamata ta ji cewa ba a yi wa tsohuwar ba. A gidan ɗanta a London take zaune, babu takarda ko ɗaya da sunanta, shi kuma ɗan ya ɗauka tsofaffi ba sa cikin dokar.

"'Yata, ki bar ni," in ji Hajiya Awabu. "Wa zai kori tsohuwa?"

"Ba korar ba ce, Inna. Ranar da kika je asibiti aka ce ki nuna izini, me za ki nuna? Ɗauko mayafinki."

Kwana huɗu ta rufe rumfa. Ta yi booking, aka ba ta lokacin ganin likitan tsohuwar, ta karɓo jerin ranakun da aka taɓa duba ta. Ta je wurin mai gilashin ido, ta je ofishin da ya ba ta katin bas na tsofaffi. Hajiya Awabu tana riƙe da hannunta, tana hutawa a kowace tasha. Ana saura kwana biyu suka aika.

Sai da kaka ta shigo amsar ta zo. Hajiya Awabu ba ta karatu, don haka ta sa ɗanta ya kawo ta Rye Lane da wayar a ƙulle cikin gefen zane. Amamata ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta ce, "Inna, kin zauna."

Tsohuwar ta ɗaga hannu ta yi doguwar addu'a, duk wanda ke rumfar ya shafa. Da ta gama ta ce tunda ta zo, a zuba mata shinkafa, amma kada a cika yaji.