Malam Macciɗo da waƙar 'yan kuza

Da kakar bana Malam Macciɗo ya cika shekara tara a ƙasa. Tare muka koyar a wata elementare gabas da Wurno, kuma tun rasuwarsa nake son in rubuta wannan, hannuna yana ƙi.

A shekarun yaƙin Turawa ne, lokacin da ake ɗiban maza daga ƙauyuka ana tura su haƙar kuza. Mai gari zai kawo sunaye, a sa mutum a mota, iyalinsa su bi shi da ido. Waɗansu sun dawo da tari, waɗansu ko rigarsu ba a gani ba. Kowa ya sani, amma ba a maganar sai cikin ɗaka.

Sai Baturen makaranta ya aiko cewa zai zo ranar rufe makaranta, a shirya masa wasa a kan tsabtar rijiya. Malam Macciɗo ya karɓi aikin, ni kuma aka ba ni koyar da waƙoƙin, da tafi da kiɗan ƙwarya. Ashe ranakun da ba karatu Malam yana hawa jakinsa ya zaga Tursa da Magarya har Kwargaba, yana tambayar tsofaffi sunayen waɗanda aka ɗiba. Ya jera su cikin waƙa, ya ce da ita za a rufe wasan. Jagoran waƙar shi ne Sahabi, ɗan ajin ƙarshe da ya fi kowa kai, wanda babansa ke cikin waɗanda ba su dawo ba.

Na ja shi gefe na ce, "Malam, rijiya anka ce muna. Mi ya kawo kuza?"

Ya ce, "Malam Shehu, matan ga na ɗibar ruwa su kaɗai, su yi noma su kaɗai. In ce musu su rufe bakin rijiya, in ƙyale abin da ke cin su?"

Ni na ma gyara wa waƙar kari.

Bayan la'asar aka yi wasan a filin makaranta. An yi dariya wajen rijiya, Bature ma ya tafa. Da Sahabi ya fara jero sunaye 'yan aji suna amsawa, sai dariya ta ɗauke. Can wata tsohuwa ta miƙe ta ce, "Yaro, ka bar Nomau! Ɗana na, shi ma sun tai da shi!" Sahabi ya sa Nomau cikin waƙar. Daga nan sai sunaye ta ko'ina, mata na kuka, maza sun sunkuyar da kai. Bature yana jin Hausa sarai. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari Bature ya sa aka kira mu ɗaya bayan ɗaya. Da aka tambaye ni, na ce ni waƙar rijiya kaɗai na sani. Wannan ce maganar da na daɗe ina ɓoyewa. Aka jefa Malam Macciɗo wani ƙauye bayan Goronyo, aka soke sunan Sahabi daga masu tafiya makarantar midil, ni kuwa aka bar ni a ajina. Sau ɗaya na kai masa ziyara kafin sanƙarau ya ɗauke shi. Bai ko taɓo abin da na yi ba. Labarin Sahabi kawai ya yi ta tambaya, yana cewa shi ya kashe wa yaron gaba.

Yau ga shi ana ta batun mulkin kai. 'Yan jam'iyya na zuwa kasuwar Rabah da makaɗa, ana zagin Bature da rana tsaka ba mai tsoro. Cikin masu ɗaga murya ina ganin waɗanda da hannunsu suka rubuta sunayen mazan da za a ɗiba. Da Malam yana raye, ko me zai ce? Ina jin zai tambaya ko an taɓa faɗa wa matan nan inda aka binne mazansu. Har yau ba a faɗa ba. Mu ma a makaranta wasanmu bai wuce na wanke hannu da kashe ƙuda ba, kuma ni ke zaɓa.

Na kan auna abin da ya bari in rasa yadda zan yanke. Ya sa gari guda ya yi kukan da ya shekara yana haɗiyewa, kuma yaro ɗaya ya biya. Sahabi yanzu manomin albasa ne a fadama. Farkon shekarar nan ya kawo mini ɗansa na fari in rubuta a aji ɗaya. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam, ga shi nan. Ku koya mishi karatu, amma kada ku sa mishi waƙa baki."

Na ce to. Da ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya tambaye ni ko na san wurin kabarin malaminsa, yana son ya je. Ban sani ba. Allah Ya jiƙan Malam Macciɗo, Ya yafe mana mu da muka yi shiru.